Abin da Zarto Ya Ci

Kafinta ya goge yatsa a jikin riga, ya danna wurin da aka rubuta "gyara". Layin yana nan yadda aka mayar da shi jiya: sifili, ɗigo, tara-tara-tara har abada, daidai yake da ɗaya. Ya share "daidai yake da", ya sa "bai kai". Ya kife wayar a kan benci cikin dusar katako, ya ɗora ruwan shayi.

Aikinsa na farko ke nan kowace safiya, kuma sau da yawa ba na biyu. Tun da kujerun roba suka cika kasuwa, sai dai a kawo masa ƙafar tebur ko murfin akwati. Shagon yana da benci biyu. Ɗayan, tun da ɗansa ya bar gida, ya zama wurin ajiye gwangwanayen fenti.

Ba mutumin waya ba ne. Wata rana ƙanwarsa ta zo duba shi, ta yi ta zuba labarin dangi, har da na wanda ya hana a ambata a gabansa. Washegari ya sayi babbar waya, ya tsallaka titi wurin mai kemis, ya ce a nuna masa kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya sa wa hannu. Shafi ɗaya ya nema, na lissafi. Bai taɓa buɗe wani ba.

Gyaransa ba ya kwana. Kafin rana ta take, daidai lokacin da 'yan makaranta ke fita tara, sai a mayar da layin. Mai mayarwar yana kiran kansa Mai Alli, kuma ba ya tafiya sai ya bar bayani a gefe. "Ka yanka katako gida uku. Kowane yanki sifili ne, ɗigo, uku-uku-uku ba iyaka. Haɗa su, ka sami tara-tara-tara. Ai katakonka ne guda."

Kafinta ya ɗauki rabin yini yana haɗa amsa da yatsa ɗaya. "Ƙarya ne. Zarto yana cin rabonsa. Abin da aka yanka ba ya komawa yadda yake."

"Lissafi ba shi da zarto," aka ce masa.

Ya karanta wannan har ya haddace. Duk da haka ya kai wa mai kemis ya karanta masa da ƙarfi, wai tabarau ɗinsa ya yi hazo.

"Tsoho, ka ji tsoron Allah," in ji mai kemis. "Yara na kwafar abin nan su kai wa malamai. Wa zai yarda da kundin da kafinta ke yi wa kwaskwarima?"

"Ai ana gyarawa."

"To mutumin nan ya fi ka gaskiya. Ko ni da na sha bulala a kan lissafi na gane."

"Yana da kai," Kafinta ya ce. "Taurin kan ne ya yi yawa."

"Ji mai magana! Gwano ba ya jin warin jikinsa."

Akwai ranar da gyaran bai zo ba. Azahar ta wuce, layin yana nan da kuskurensa. Kafinta ya kasa cin abinci. Ya buga ƙusa ta lanƙwashe, ya buga wata ya sami yatsa. Sai da yamma aka mayar, da 'yar gajeriyar magana: "A yi haƙuri, zazzaɓi." Ya rubuta "Allah ya ƙara sauƙi", ya zuba wa kalmomin ido, ya share. A madadinsu ya sa: "Har yanzu bai kai ba."

Daga nan gargaɗi ya zo, cikin jan akwati. Masu kula da kundin sun gaji. In ya sake taɓa layin, za a toshe shi, ba zai ƙara rubuta ko harafi ba.

Ya janye hannu. Shafin ya zauna daidai, tsaf, ba abin gyarawa, don haka ba wanda ya zo. Safiya ta yi masa tsawo. Yakan buɗe gefen bayani ya tarar da tsofaffin maganganu kawai. Ya share shagon da ba ya buƙatar shara. Ya sauke gwangwanayen fenti daga benci na biyu, ya tsaya yana kallonsa, ya mayar da su.

In ya yi shiru, shiru za a yi masa. In ya taɓa, amsa ɗaya ta rage masa a duniya. Ya auna wannan yadda yake auna katako, sau biyu kafin yanka. Ran nan da hantsi ya goge yatsa, ya danna.

Bai kife wayar ba. Yana riƙe da ita har 'yan makaranta suka fita tara, har ta yi ƙara a tafinsa. Ya ga jan akwati, ya ga sunan Mai Alli a ƙasa, amma wannan karon da gaske idonsa ya ƙi. Ya tsallaka titi bai duba mota ba.

"Sun yi maganinka ke nan," in ji mai kemis, yana dariya. Ya karɓa ya fara karantawa da ƙarfi, sai muryarsa ta yi ƙasa.

"Ni na toshe ka da hannuna, don yara na karanta shafin nan. Tun ranar farko na gane ka. In magana kake so, lambata ba ta canza ba, Baba."