Niƙan Azahar

Ana sallame azahar injin niƙan wani magidanci ya tashi da ƙara, matan unguwa suka farka daga baccin rana. Masu wutar sola ne suka kafa masa sabuwar mita: wuta da araha in rana ta take, da tsada in ta faɗi. Shi ya sa ya dawo da niƙan yamma tsakar rana.

Matar mai injin ita ta fi kowa faɗa. "Gobe mu tai Yelwa wurin masu sola, su cire muna wagga masifa!" ta ce wa maƙwabta.

Da magariba sai ga mijinta ya shigo gida, babu gari a gemunsa. Ya zauna kan tabarmarta, suka ci tuwon shinkafa da miyar kifi, suna jin masunta na kiran juna a bakin ruwa. Rabon da su ci tare tun kafin ta yaye autarta. Ya ba ta labari, ta yi dariya har ta ƙware.

Da safe matan suka yi sallama, kowacce da mayafinta. Suka tarar tana goge mitar da gefen zaninta.

"Ku tai," ta ce. "Ni ƙafata na ciwo."