Kunun Mala'ika

Kafin ayarin ya wuce Dabai, Sajan Japhet ya riga ya daina jin waƙarsu a bayansa.

Haka yake so. A ganinsa waƙa ibadar masu rauni ce. Tasa ibadar a ƙafa take. Kowace shekara, a makon Ista, 'yan majami'arsu sukan taka daga Zuru zuwa Dutsen Gicciye, can bayan Ribah. Sauran mutane kan kwana a hanya, su isa washegari suna ɗingishi. Shi kuwa, da ya yi yaƙin Laberiya ya dawo da lambar yabo da ciwon gwiwa, rana ba ta faɗuwa sai yana bisa dutsen.

Kuma a Sama an san da zamansa. Duk shekara idan ya hau, yakan tarar da goran kunun zaƙi a gindin gicciyen, da sanyinsa, an sa citta daidai yadda yake so. Ba gida a kusa, ba gona. Tuni Sajan ya yi wa ikilisiya bayani: mala'ika ne ke ajiye wa wanda ya fara isowa. Fasto bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma ya bar masa kujerar gaba da igiyar ƙararrawa. Mata har jarirai suke kawo masa ya dafa musu kai.

Matarsa Monica ce kaɗai bai taɓa bari ta bi ayarin ba. "Ke da wannan tafiyar taki, sai Kirsimeti mu isa," yakan ce. "Zauna ki kula da awaki." Takan ce to. Idan ya dawo a motar majami'a, yakan same ta ta tsoma ƙafafu cikin ruwan ɗumi, sai ya yi mata wa'azi a kan illar zama wuri ɗaya. Sakacinta ma ya yi yawa: tsofaffin takalmansa na soja da ke ƙarƙashin gado kullum ƙara cinyewa suke yi, ta kuma kasa maganin ɓerayen.

Bana ne aka sami matsala. Dawuda, sabon malamin motsa jiki, saurayi mai dogayen ƙafafu da gajeriyar kunya, ya tsaya a ƙofar majami'a ya ce, "Baba Sajan, bana ni ma zan ɗanɗana girkin mala'ika. In ya ragu sai in rage maka."

Mutane suka yi dariya. Sajan bai yi ba. In yaron nan ya riga shi shan kunun, kujera ta tafi, ƙararrawa ta tafi, ya koma tsoho mai ciwon gwiwa kamar kowane tsoho a Zuru.

Shi ya sa yau yake takawa kamar ana harbi a bayansa. Ya wuce masu tura amalanke, ya wuce jakuna, ya wuce wani mai keke da ya tsaya yana kallonsa baki buɗe. Tun daga Dabai bai ƙara ganin Dawuda ba, kuma hakan bai kwantar masa da hankali ba ko kaɗan.

A Ribah yana da al'adar da bai taɓa sa ta cikin shaidarsa ba. Yakan tsaya wurin Lawwali, tsohon abokinsa na bariki, ya ci tuwo, ya ɗan miƙe a tabarma har rana ta karya. Hutun dabara yake kiran abin. Yau ko waiwaye bai yi ba.

"Sajan! Tuwon fa?" Lawwali ya ƙwala daga ƙarƙashin rumfa.

"Ka ci har nawa!"

A rafin da ke gindin dutsen ya ga abin da ya tsayar da shi cak. Sawun takalmin soja ne a cikin yashi, sabo fil, ruwa bai gama taruwa a ciki ba. Ya fito ne daga wata siririyar hanyar masu itace da ta ratso ta cikin duwatsu, irin hanyar da soja mai mutunci ba ya bi. Nan take Sajan ya gane komai. Yaron ya hau kabu-kabu ya yanko ta baya, har da aron takalmin soja don ya ci masa fuska.

Ya ɗaga kai. Can sama, tsakanin duwatsu, wani yana hawa, ba gaggawa, ba tsayawa.

"Kai Dawuda! Ɓarawon ibada!"

Ba a waiwayo ba. Sajan ya sa gudu. Gwiwa ta ce ba da ita ba, ya ƙarasa sauran da rarrafe, yana haki, yana tsara abin da zai faɗa a gaban ikilisiya ranar Lahadi.

Da ya leƙa saman dutsen, rana ta dallare masa ido. A gindin gicciyen akwai wani a durƙushe cikin hasken, yana kwance jiƙaƙƙen tsumma daga jikin gora. Bai kai tsayin Dawuda ba, ko kusa.

Mala'ikan ne! Ashe dai gaskiya ya daɗe yana faɗa! Sajan ya zube a ƙasa, ya rufe fuska da tafin hannu kamar yadda ya dace, ya fara gabatar da kansa, da muƙaminsa da lambarsa. Ta tsakanin yatsu ya ga takalma biyu sun matso sun tsaya a gabansa, dunduniyarsu duk ta cinye.

"Bana ka yi ƙoƙari, maigida," in ji Monica, tana miƙa masa goran. "Sha maza ka ba ni, tun safe awaki ba su ga ruwa ba."