Mahaƙin Rijiya da Fitilarsa

Tunda ka ce jikinka ya yi ƙwari, ba ka ga amfanin komawa asibiti a sake ɗaukar hoton ƙirjinka ba, gyara zama ka ji.

An yi wani mahaƙin rijiya, gwani na gaske, irin wanda zai dubi ƙasa ya ce ruwa yana gaba goma sha biyu, a haƙa a same shi. Yana tsakiyar haƙa wa wani ƙauye rijiya sai mura mai zafi ta kama shi, ta gangara masa huhu. Kwana goma sha shida ya yi a gadon asibiti da robar iska a hanci. Ranar sallama likita ta ɗaga hoton ƙirjinsa a haske ta nuna masa. Inda ya kamata ya yi baƙi, alamar iska na shiga, ya yi fari-fari kamar an watsa toka. Ta ce, "Baba, zazzaɓi ya tafi, amma huhu bai gama washewa ba. Ka riƙa ɗan tattaki, ban da aikin ƙarfi. Bayan mako shida ka dawo mu sake dubawa." Ya ce to, irin to ɗin da ake ce wa likita a bakin ƙofa.

Kwana tara da komawarsa gida ya tashi da tuwo malmala biyu, ya ji ƙarfi ya dawo, ga matan ƙauyen kullum suna tafiya mai nisa neman ruwa. Shi kuwa ba ya wasa da ƙa'idar sana'a. Ya zura fitila cikin ramin kamar yadda ya gada, don in iskar ƙasa ta ɓaci wutar mutuwa take yi. Fitila ta ci lafiya lau har gindi. Ya ce shi ke nan, ya ɗaura igiya ya sauka. Bawan Allah ya gwada iskar rijiya, bai gwada ƙirjin da zai shaƙe ta ba. Sara bakwai ya yi da dagi numfashi ya ƙi, idonsa ya rufe, ko igiyar bai iya girgizawa ba. Allah ya sa abokan aikinsa suka ji shirun ya yi yawa, suka jawo shi kamar guga. Ya koma gadon da ya baro. Wannan karon ya ji magana, ya yi ta tattakinsa safe da yamma, har hoto ya fito tas, likita da bakinta ta ce ya koma aiki. Ya gama rijiyar, ruwa garau, har yau ana sha. Amma abin da ke ba ni haushi, mako shida aka ce masa, ya mai da su wata huɗu, matan nan kuwa suka ƙare rani da tulu a ka.

Huhu yana warkewa, wannan ba na shakka, naka ma zai warke in sha Allah. Ka dai je a duba shi tukuna. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.