Ba a Ba Ɗan Gari Haya

Akwati biyu, bargo, da tukunyar iskar numfashin Baba. Likita ya ce ƙirjinsa sai busasshiyar iskar Almeriya, mahaifarsa. Amma masu gida ba sa ba ɗan ƙasa hayar hunturu, wai in bazara ta kawo baƙi masu kuɗi ba ya tashi. Sai na koma Jamusancin da na yi karatu da shi, don a ɗauke ni baƙuwa.

Wata tsohuwa mai gidan haya ta miƙo mini makulli. Baba ya leƙo daga mota, ya gane ta.

"Remedios! Haka kika yamutse?"

"Eusebio, ɗan banza, kana raye?" Ta rungume shi tana kuka. Sannan ta zare makullin daga hannuna.

"'Yata, baƙo zan iya kora. Wannan ba zan iya ba."

Ta rufe ƙofa. Gobe ni kaɗai zan fita neman gida.