Awon Ɗakin Inna

Karo na huɗu ke nan kafintan yana jan tef a jikin bangon nan, bangon kuma bai ƙaru ba bai ragu ba: ƙafa goma sha biyu da inci uku.

Tsohuwar na zaune a bakin gado tana kallonsa.

"Ya ce kantocin sun yi faɗi," in ji ta. "A rage."

Ɗanta ne ya ba da aikin ta waya. Ma'aikacin banki ne, shi da matarsa fitar safe dawowar yamma. Sau ɗaya ya faɗi abin da yake so: wadirob daga ƙasa har silin a bango uku, wurin rataye dogayen riguna, durowoyi, madubi mai tsayin mutum, da kanta mai cin takalma ƙafa arba'in.

"Ɗakin ƙarshe ne," ya ce. "Inna tana gida kullum. Ka auna, ka zana, ka bar mata takardar. Kada ka riƙa kirana ina wurin aiki."

Ranar farko kafintan har sha'awar ɗan ya yi. Mutum ya gyara wa mahaifiyarsa ɗaki haka, ai sai sa albarka. Ya dubi silifas ɗinta guda ɗaya a bakin ƙofa, duddugen ya cinye, ya tuna takalma ƙafa arba'in, ya yi dariya a cikinsa. Masu hali da abinsu.

Kwana biyu ya kwashe yana zanen, ya kawo. Inna ta karɓa, ta ninke, ta tura ƙarƙashin matashi ko buɗewa ba ta yi ba. Bayan kwana uku ta sa maigadi ya kira shi: wai an ce durowoyin su koma hagu. Ya mayar. Wai madubin ya toshe taga. Ya matsar. Wai katakon ya cika duhu. Ya ɗauko guntaye kala biyar, ta jera su a cinya tana shafawa ɗaya bayan ɗaya, ta ce ya dawo jibi.

Duk zuwan da ya yi sai ta haɗa masa shayi, sai ta tsare shi da labari: yadda ita da marigayin mijinta suka dasa bishiyar da ke bayan tagar, yadda ɗan nata ya faɗo daga kan bishiyar yana shekara bakwai ya karya hannu, ta goya shi har asibiti. Kafintan yana ta "Allah sarki, Inna," idonsa na kan agogo.

Ganin bayanta ya ranƙwafa, wata rana ya ce bari ya sauko da sandar rataye kaya yadda hannunta zai kai.

"Bar ta inda take, ɗan nan."

"To gadon fa? In aka rufe bango uku, ina zai zauna?"

"Kai dai auna."

A mako na uku ya rasa aikin bencinan wata makaranta, saboda ranar da suka neme shi yana can yana sake awon bangon da ya haddace. Katakon da ya sa a ajiye masa, mai shagon ya sayar wa wani. Matarsa ta fara tambaya ko tsohuwar ta ɗauke shi aikin hira ne. Shekara ashirin yana riƙe da zarto, ya ga masu canza ra'ayi iri-iri, amma bai taɓa haɗuwa da mai wasa da abincin mutum tana murmushi kamar wannan ba.

Ranar da ta ce masa ƙofofin masu zamewa ake so, bayan da bakinta ta ce masu buɗewa, sai ya naɗe tef ɗinsa.

"Inna, ni ma fa ina da iyali."

Ta dube shi. "Na sani. Ka ƙara mini mako ɗaya."

Ya tashi ya fita. Shayin ma bai taɓa ba.

Daga nan banki ya zarce. Ya zauna a benci awa guda har ɗan ya fito, ya miƙa masa zanen farko, wanda ya ajiye kwafinsa. Mutumin ya duba sama da ƙasa, ya ɗaure fuska.

"Yaushe ka gama wannan?"

"Mako uku ke nan, ranka ya daɗe. Gyaran da kake ta aikowa ne ya..."

"Ban aiko da gyara ko ɗaya ba. Inna tana ta ce mini ba ka kawo ba." Ya sa hannu a ƙasan takardar. "Haka nake so. Gobe ka fara."

Kafintan ya fito yana huci. Ashe ma ƙarya take shirga masa! Gobe zai shigo da katako a gabanta, ya ga ta inda za ta ce a rage.

Da safe ya iso da mota cike da kaya. Ƙofar ɗakin a buɗe take. An share, an goge, an fitar da gadon, sai shatin ƙafafunsa huɗu a kan siminti. Ya ji daɗi: ko ba komai an sauƙaƙa masa aiki. Ya leƙo ya ce wa maigadi ya gaya wa Inna ta yi nesa da ƙura kwana goma, in an gama ta dawo ta ga ɗakinta.

Maigadin ya ajiye katakon da ya ɗauko, ya dube shi.

"Ta dawo ina? Ai ɗakin kayan madam za ka yi. Oga ya ce wa Inna ta zauna zuwa ranar da kafinta zai kawo zane, kai kuma jiya ka kai, da la'asar mota ta zo ta tafi da ita gidan tsofaffi."