Ƙafafu Masu Shuɗin Fenti

Ƙarar da na ji kamar an fasa tulu. A-kori-kurata ta karkace, buhunan siminti suka zube a gefen hanya. Na sauko na duba, ashe sabon rim ɗin baya ne ya tsage a rami.

Yayana bakanike ne ya ɗaura mini sababbin ƙafafun satin jiya.

"Ƙanena, ƙafafun ƙarfen nan ne ke shanye maka mai," in ji shi. "Sa na alminiyam marasa nauyi, ka ga yadda za ta tashi kamar an tsikare ta."

"Tsofaffin fa, Yaya?"

"Bar mini su. 'Yan gwangwan ma sai an roƙe su."

Gaskiya ta ƙara gudu, amma a kwalta, babu kaya. Hanyar wurin ginin kuwa duk ramuka ce, kuma ɗan kwangila ya gargaɗe ni: in na sake makara, aikin jigilar ya bar hannuna.

Na kira Yaya, bai ɗaga ba. Na kira ɗan kwangila, ya ce, "Tsaya nan, na samu wata motar."

Can sai ga ta tafe, tana taka ramuka ko gezau. Tsohuwar motar nan ce da ta shekara a kan bulo a garejin Yaya. Ƙafafunta na ƙarfe ne, da shuɗin fentin da na shafa da hannuna.

Yaya ya leƙo ta taga.

"Haba ƙanena, wa ke ɗora siminti a kan alminiyam? Zo ka kama mini lodi."