Baƙin Tsohon Sito

Mai burodi ne ya fara ɗaga murya ranar da aka sauke kutare a tsohon siton da ke bayan asibiti. An kawo su ne don malamin asibitin nan kaɗai ke da maganinsu a duk yankin, kuma magani ne da sai an daɗe ana sha.

Ba su nemi komai ba sai ruwan famfon bakin kasuwa da inuwar zama. Akwai wata tsohuwa a cikinsu da suke kira Inna, wadda wuta da wuƙa suka cinye mata yatsu ba ta ji ba. Kullum da safe takan tsaya nesa da tanda ta gai da mai burodin. Ba ya amsawa. Sai ya ja hannun rigarsa ƙasa, ya ci gaba da zaro tire daga wuta ba tsumma, abin da ya sa 'yan kasuwa ke kiransa Hannun Ƙarfe.

"Malam fa ya ce wanda ya fara shan magani ba ya shafa wa kowa," in ji matarsa.

"Malam ne zai cinye burodin in mutane sun ƙi saye? Ke dai kwaɓa fulawa."

Ya bi gari gida-gida yana zuga mutane. Aka sa wa famfo kwaɗo. Mai shayi ya daina ba su ko ruwan zafi. Malamin asibiti ya yi bayani har muryarsa ta dushe, ba wanda ya saurara. A ƙarshe hukuma ta aiko da babbar mota a kai su can wani gari mai nisa, su da malamin da kwalayen maganin duka.

Mai burodi ya zo ƙofar sito don ya ga tafiyarsu da idonsa. Ya tsaya kan tarkacen katako, hannuwa a baya. Inna ta leƙo ta gefen mota, ta daɗe tana kallon ƙasa.

"Ɗana, ɗaga ƙafarka," ta ce a hankali.

Ya ɗaga. Ƙusa ta huda takalmin ta shige tafin ƙafa, jini har ya jiƙa katakon. Bai yi mamaki ba. Waige-waige kawai ya yi ko wani ya gani.

Direba ya tayar da mota.

"Da ka bari ko malamin ya zauna," in ji Inna. "Mu ma da haka ta fara mana."